Me ya sa kofin wuski yake da ciki da ƙaramin baki? Kimiyyar da ke bayan zaɓen gilashi

A masana'antun wuski na ƙasar Sikotland akwai ma'aikatan da hancinsu shi ne jarinsu. Su ne ke shinshina abin da ke cikin ganguna ɗaya bayan ɗaya, su tantance wadda ta nuna da wadda za a ƙara wa shekaru. Kuɗin da ke rataye a kan hukuncinsu ba kaɗan ba ne, domin a shekarar 2023 kaɗai Sikotland ta fitar da wuski na fam biliyan 5.6 zuwa ƙasashen waje. Duk da na'urorin awo da ke ɗakunan gwajinsu, kayan aikin da suka fi dogara da shi ɗan kofin gilashi ne mai ciki da ƙaramin baki. Wannan siffa tana da dalili, kuma dalilin ya shafi duk wani abin sha mai ƙamshi.

Matsalar da kofin ke ƙoƙarin warwarewa

Dokar Birtaniya ta 2009 ta ce ba za a kira abu wuskin Sikotland ba sai ya shekara uku aƙalla a gangar itacen oak, kuma ƙarfin barasar da ke cikinsa bai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Wannan barasa, wato sinadarin itanol, tana saurin tashi sama fiye da ruwa. Tana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai ya kai 100. Tururinta yana da yaji a hanci, kuma idan ya yi yawa yakan danne sauran ƙamshin da ke fitowa daga sha'ir, da itacen ganga, da hayaƙin da aka busar da hatsin da shi. Tun da yake mafi yawan abin da mutum ke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga, aikin kofi shi ne ya tara ƙamshin ba tare da ya aika yajin barasa kai tsaye cikin hanci ba.

A 2015 masu bincike a jami'ar koyon aikin likita ta Tokyo, ƙarƙashin Kohji Mitsubayashi, sun ƙera wata kyamara da ke nuna tururin itanol a hoto. Da suka gwada ta a kan giyar inabi mai ma'aunin zafi 13 a kofi mai ciki, sai tururin ya taru kamar zobe a gefen baki, tsakiyar kuma ta rage yawansa, daidai inda hanci ke sauka. A miƙaƙƙen kofi wannan zobe bai fito ba. Ba wuski aka gwada ba, amma binciken ya tabbatar da ido cewa siffar kofi tana sauya abin da ke isa hanci.

Manyan nau'o'in kofi

Wanda kowa ya sani shi ne gajeren kofi mai faɗin baki da kaurin gindi. Daga sunansa na Turanci ma Hausa ta samo kalmar tambulan. Yana ɗaukar mililita 180 zuwa 300, yana karɓar babban dunƙulen ƙanƙara, kuma gindinsa na jure a daka sukari ko ɓawon lemo a ciki. Rauninsa shi ne ƙamshi na watsewa ta faffaɗan bakin kafin ya taru.

Na biyu shi ne copita, ɗan kofi mai doguwar ƙafa da ya fito daga yankin Jerez na Sifaniya. Fatake sun riƙa amfani da shi a tashoshin jiragen ruwa don gwada kaya kafin su biya. Ƙafar tana nisanta hannu daga bakin kofin, don haka zafin tafi ko ƙamshin sabulu da turare ba sa shiga lissafi. Sai dai ba ya jure wahala, ƙafar na saurin karyewa.

Wannan rauni ne Raymond Davidson, wanda ya kafa kamfanin Glencairn Crystal a 1981, ya nemi magancewa. Ya ɗauki cikin copita, ya cire ƙafar, ya sa masa gajeren gindi mai nauyi, sannan aka daidaita siffar tare da manyan masu haɗa wuski na kamfanoni biyar. Kofin Glencairn ya shiga kasuwa a 2001, ya karɓi lambar yabo ta Sarauniyar Ingila kan ƙirƙira a 2006. Yana ɗaukar kimanin mililita 175, amma an tsara shi ne a zuba kusan 50 kawai. Sauran sararin na tururi ne. A yau shi ne aka fi gani a ɗakunan gwaji na masana'antun.

Akwai waɗanda ba su yarda da ƙaramin baki ba. George Manska, wani injiniya a Amurka, ya fito da kofin NEAT mai matsattsen wuya da baki da ya buɗe waje, bisa hujjar cewa ƙaramin baki yana tara yajin barasa tare da ƙamshin. Kofin Norlan kuwa, wanda aka tara kuɗin ƙera shi ta Kickstarter a 2015, bango biyu gare shi: daga waje tambulan, daga ciki siffar kofin gwaji, iskar da ke tsakani kuma na hana zafin hannu ratsawa.

Babban kofin burandi mai kama da balan-balan ya fi kowanne ɗaukar ido, amma faɗin cikinsa da ɗumin tafin da ke riƙe da shi suna tayar da tururin barasa da yawa. Dogon kofi kuma na masu haɗawa da ruwan soda da ƙanƙara ne, salon da ya yi ƙarfi a Japan.

Ruwa da ƙanƙara

Masu gwaji a masana'antu sukan tsinka wuski da ruwa har ƙarfinsa ya sauko kusan kashi 20 kafin su kai hanci. A 2017 Björn Karlsson da Ran Friedman na jami'ar Linnaeus a Suwidin sun yi amfani da kwamfuta don bin motsin guaiacol, sinadarin da ke ba da ƙamshin hayaƙi. Sun gano cewa idan barasa ta kai kashi 45 ko ƙasa da haka, sinadarin yakan taso saman ruwan inda hanci zai same shi, amma daga kashi 59 zuwa sama yakan nutse ciki. Ƙanƙara kuwa tana rage yajin, tana kuma rage ƙamshin, domin sanyi na hana tururi tashi.

Abin da aka yi gilashin da shi

A nan ne batun ya wuce na jin daɗi ya koma na lafiya. Tun 1674 George Ravenscroft ya samu izinin mallakar wani sabon gilashi a Ingila, wanda daga baya aka san shi da gaurayen dalma. Dalmar ce ke ba shi nauyi da walƙiya da doguwar ƙara idan an ƙwanƙwasa. A ƙa'idar Turai, gilashin da za a kira kiristal na dalma dole ya ƙunshi aƙalla kashi 24 na sinadarinta.

A 1991 Joseph Graziano da Conrad Blum na jami'ar Columbia sun wallafa bincike a mujallar The Lancet. Giyar da suka ajiye a kwalaben kiristal ta tashi daga maikirogiram 89 na dalma a kowace lita zuwa 3,518 cikin wata huɗu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha kuwa 10 ne kacal, kuma hukumar ta ce babu adadin dalmar da ba shi da illa a jiki. Tsawon zaman abin sha a cikin gilashin ne ke jawo haɗarin, shi ya sa kwalbar ajiya ta fi kofi muni.

Wannan gargaɗi ya shafi gidan da ba a taɓa shigar da barasa ba. Tsami ma yana narkar da dalma, don haka zoɓo ko ruwan lemo da aka bari ya kwana a irin wannan kwalba ta ado yana cikin haɗarin. Wanda ya tuna da gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ya san yara ne suka fi cutuwa da ita, ko da yake ta can daga sarrafa duwatsun zinare ta fito. Hukumar lafiya ta Kanada na ba da shawarar a jiƙa sabon kiristal a ruwan binega na awa 24 kafin amfani, kada a ajiye abin sha a ciki, kuma kada a ba yara da masu juna biyu. Mafi sauƙi shi ne mai saye ya duba an rubuta cewa babu dalma, ko ya ɗauki gilashin borosilicate, wanda ke jure sauyin zafi da sanyi.

To wanne ya fi?

Amsar ta danganta da aikin. Mai son tantance ƙamshi zai fi samun biyan buƙata a Glencairn ko copita. Wanda yajin barasa ke damunsa zai fi son mai buɗaɗɗen baki. Ƙanƙara da gauraye kuma na tambulan ne. Babu kofin da ke rage illar abin da ke cikinsa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu adadin barasar da ba ya cutar da lafiya.

Ilimin siffar ya bazu zuwa wasu sana'o'i. Masu tantance man zaitun suna da nasu kofi shuɗi mai ƙaramin baki, wanda ke tara ƙamshi yana kuma ɓoye launi don kada ido ya yaudari hanci, dabarar da masu gwajin wuski ma ke amfani da ita. Mai shayi ko gahawa zai iya gwada abin a gida: ya raba tukunya ɗaya a faffaɗan kofi da mai ƙaramin baki, ya jira minti ɗaya, sannan ya shinshina kowanne.