Kyautar Laburare ga Harshen Python: Wa Zai Yi Renonsa?

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana yadda mutum kan ba da gudummawar laburare ga harshen kwamfuta wanda tushensa yake a buɗe, musamman irin laburaren da ba ya aiki sai a kan tsari guda na kwamfuta. Za mu ɗauki harshen Python ya zama abin misali, domin tarihinsa a rubuce yake, ya sha karɓar irin wannan kyauta, ya kuma sha zubar da ita.

Ma'anar Kalmomi

Harshen kwamfuta shi ne ƙa'idojin da ake bi a rubuta wa na'ura umarni. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fito da Python a 1991. Harshen ba ya aiki sai da tafinta, watau manhajar da ke karanta umarnin ta juya shi zuwa abin da na'ura take ganewa. Tafintan da aka fi amfani da shi ana kiransa CPython, kuma tushensa a buɗe yake, ma'ana kowa yana iya karanta yadda aka rubuta shi, ya kuma kawo gyara ko ƙari.

Shi kuwa laburare a nan tarin umarni ne da wani ya riga ya rubuta domin kada kowa ya sake wahalar rubuta shi. Akwai waɗanda suke zuwa tare da tafintan, su ake kira daidaitaccen laburare. Galibinsu suna aiki a ko'ina, amma wasu ba haka suke ba, saboda kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux ko macOS, kuma kowacce da ɗabi'arta. Alal misali, Windows tana da wata rajista inda take adana bayanan saitinta, Linux kuwa ba ta da ita. Saboda haka laburaren winreg, wanda ya shiga Python a 2000 domin karanta wannan rajista, in aka kira shi a kan Linux sai tafinta ya ce bai san shi ba.

Hanyar Ba da Gudummawa

Mai niyyar ba da irin wannan kyauta yakan fara da sakin laburarensa a waje, jama'a su gwada shi. Jagoran masu aikin Python ya nemi laburare ya yi aƙalla shekara guda a hannun jama'a kafin a yi maganar shigar da shi. Bayan haka sai a rubuta takardar shawara, wadda suke kira PEP, a bayyana amfaninsa da dalilin da ya sa bai kamata a bar shi a waje ba. Tun daga 2019, bayan van Rossum ya sauka daga shugabanci a 2018, majalisar mutum biyar ce take da hurumin yanke hukunci a kan waɗannan takardu. Har ila yau dole mai kyauta ya sa hannu a yarjejeniya da gidauniyar Python, ya kawo rubutaccen bayanin yadda ake amfani da laburaren, tare da gwaje-gwajen da za su nuna yana aiki. Sharaɗi na ƙarshe shi ne a sami wanda zai yi alkawarin kula da shi har shekara biyu.

Inda Gizo Yake Saƙar

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran nauyi. In mun duba, rubuta laburare aikin makonni ne ko watanni, amma da zarar ya shiga daidaitaccen laburare ya zama ɗan riƙo a gidan Python. Duk lokacin da aka taɓa tafintan, sai an tabbatar ba a karya shi ba. To, laburaren da ke aiki a ko'ina kowane ma'aikaci yana iya gwada shi a kan kwamfutarsa. Wanda ya keɓanta ga tsari guda kuwa, sai mai irin wannan na'ura ne kaɗai zai ga ɓarnar, balle ya gyara ta. Yawancin ma'aikatan nan kuma 'yan sa-kai ne. In mai kyauta ya sami wani aiki ya tafi, sai a bar su da abin da ba su iya gwadawa.

Wannan ne ya sa a 2022 aka kasa tsare-tsaren da Python yake tallafawa gida uku, a cikin takarda mai lamba 11. A rukuni na farko, nauyin yana kan dukkan manyan ma'aikata, kuma ba a sakin sabon Python in ya lalace a can. Rukuni na biyu yana bukatar manyan ma'aikata biyu da suka ɗauki nauyinsa, da kwamfutar da za ta riƙa gwaji ba dare ba rana. Na uku kuwa mutum ɗaya ya isa, amma lalacewarsa ba ta hana a saki sabon Python. Ta wannan ƙofa ta uku ce Android da iOS suka shigo a 2024.

Abin da Tarihi Ya Nuna

A 2008, da aka fito da Python 3.0, an zubar da laburaren da aka rubuta domin IRIX, tsarin kamfanin Silicon Graphics, saboda tsarin ya riga ya shuɗe. Labarin msilib ma abin lura ne. Martin von Löwis ne ya rubuta shi domin haɗa fayilolin girka manhaja a kan Windows, ya shiga Python a 2006. Da tafiya ta yi nisa, masu amfani da shi suka ragu, nauyin kula da shi kuwa yana nan. A 2019 Christian Heimes ya gabatar da takarda mai lamba 594 yana neman a cire tsofaffin laburare, aka amince a 2022, sannan a 2024 aka cire guda 19 daga Python 3.13. A cikinsu akwai msilib, da ossaudiodev na sauti, da spwd na Unix. Shi kuwa winreg yana nan daram, domin rajistar tana nan, masu bukatarsa da masu kula da shi ma suna nan.

Bugu da ƙari, akwai wata hanyar dabam. Mark Hammond ya rubuta pywin32, babban laburare na Windows, amma ba a shigar da shi cikin daidaitaccen laburare ba. Mai bukata yakan ɗauko shi daga PyPI, rumbun da aka buɗe a 2003. Zamansa a waje ya ba shi damar fitar da gyara duk lokacin da ya ga dama, ba sai ya jira sakin Python na shekara-shekara ba.

Kammalawa

A taƙaice dai, mun ga cewa ƙwarewar rubutu kaɗai ba ta shigar da laburare cikin Python, sai an ga mai reno da na'urar gwaji. Saboda haka duk ɗalibin da yake sha'awar ba da irin wannan gudummawa, ya kamata ya fara sakin aikinsa a waje, ya ga ko jama'a za su karɓa, sannan ya tambayi kansa ko zai iya amsa kiran gyara bayan shekara biyu, ko ma goma. In ba zai iya ba, barinsa a rumbun PyPI ya fi alheri gare shi da kuma waɗanda zai bar wa nauyin.