Yadda Likita Ya Ke Tsare Zuciya Lokacin Fiɗa

A hutun da ya wuce na raka kawuna asibiti a nan Suleja, aka yi masa aikin gwaiwa. Yana da hawan jini, saboda haka mai ba da maganin barci ya fi mai wuƙa yawan tambaya. Na yi ta bincike har na gane dalili, shi ne na ga ya kamata in gaya muku.

Zuciya tsoka ce, tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da kwana. Ita ma tana da nata jijiyoyi masu kawo mata jini da iskar oksijin. Maganin barci ya kan sassauta ƙarfin jini, zafin wuƙa kuwa ya kan sa zuciya sauri. Ka ga aikinta ya ƙaru, abincinta ya ragu. In abin ya daɗe, sai wani sashe nata ya mutu.

Abin mamaki, komowar jinin ma ta kan yi tata ɓarna. Sa'ad da oksijin ya kwararo cikin naman da ya galabaita, sai ya haifi wata irin guba, sinadarin kalsiyam kuma ya cika ƙwayoyin naman, su lalace.

A shekarar 1986 waɗansu masana uku na Jami'ar Duke ta Amurka, Murry da Jennings da Reimer, suka gwada wata dabara a kan karnuka. Suka toshe jijiyar zuciya minti 5, suka sake minti 5, har sau 4, sa'an nan suka toshe ta minti 40. Naman da ya mutu bai wuce kamar rubu'in na karnukan da ba a yi wa haka ba. Mu mutanen garin da Ladi Kwali ta yi aiki mun san wannan: mai ginin tukwane ta kan ɗumama tukunya da ƙaramar wuta kafin babbar, don kada ta fashe.

A 1997 aka ga maganin barci na shaƙa, isoflurane, yana yi wa zuciyar kare irin wannan horo. Amma mutum ba kare ba ne. A 2019 aka gwada a kan mutum 5,400 masu aikin zuciya, na shaƙa da na allura, yawan waɗanda suka rasu cikin shekara bai bambanta ba.

To, ashe babban tsaro shi ne tsaron likita: ya hana ƙarfin jini faɗuwa, ya hana zuciya gudu, ya ba da oksijin, ya mayar da jinin da ya zuba, ya hana jiki yin sanyi.

Namu kuma shi ne faɗin gaskiya. In za a yi wa naka aiki, a gaya wa likita ko yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon ƙirji, ko yana shan taba. A nuna masa dukan magunguna, har na gargajiya, kada a bar ko ɗaya sai da izninsa. Ku da za ku zama malamai, ku kai wannan magana ƙauyuka.

Kawu dai ya tashi lafiya, alhamdu lillahi.