Abin da Gishiri da Sukari Ke Yi a Cikin Hanjin Mai Gudawa

Duk lokacin da damina ta kankama, amai da gudawa ta ɓulla a unguwanni, shawarar ma'aikatan lafiya ɗaya ce: a dama garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, a ruwa mai tsabta a riƙa ba maras lafiya. Iyaye da yawa kan karɓi ƙullin suna yatsina fuska. Gishiri da sukari ai kayan madafa ne, yaushe suka zama magani? Hankalinsu ba ya kwanciya sai an yi allura ko an rataya ledar ƙarin ruwa. Wannan raini ya sha jawo asarar rayuka, kuma tushensa rashin sanin abin da ke gudana a wani wuri da ido ba ya gani, wato tantanin da ke lulluɓe da ƙwayar halitta.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, kimanin tiriliyan 30. Bature ɗan Ingila Robert Hooke ne ya fara bayyana ganinsu a 1665, da ya duba ɓawon wata bishiya ta madubin ƙara girma. Kowace ƙwaya tana da ruwa mai kauri a cikinta. A yawancin nau'o'in ƙwayoyin, cikin ruwan akwai cibiya mai ɗauke da DNA, kundin gadon halitta, da mitokondiriya masu ƙona abinci su samar da makamashi, da wasu ƙananan sassa masu ƙera furotin. Duk wannan dukiya tana cikin tantani ne mai siranta ƙwarai, wanda sai an jera irinsa kusan dubu goma kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya.

Tantanin shimfiɗa biyu ce ta maiƙo, kamar yadda wasu masana biyu 'yan Holan, Gorter da Grendel, suka gano a 1925 daga nazarin jajayen ƙwayoyin jini. Tun da maiƙo da ruwa ba sa ga maciji, duk abin da ya narke a ruwa, irin su gishiri da sukari, ba ya iya ratsa shi kai tsaye. Sai dai ta ƙofa. A ɗauke shi kamar ganuwar Kano a zamanin da: katanga ta kewaye birni, shiga da fita sai ta ƙofofi, kowace ƙofa da mai tsaronta. Bambancin shi ne ƙofofin ƙwayar halitta furotin ne da ke yawo a cikin maiƙon, kuma kowace tana da irin baƙon da take karɓa. Ƙofar sinadarin fotasiyam, alal misali, ba ta buɗe wa sukari.

Akwai waɗanda ba ruwansu da ƙofa. Iskar oksijin da iskar da muke fitarwa suna ratsa maiƙon su wuce, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci, ba tare da ƙwayar ta kashe ko kwabo ba. Haka oksijin ke shiga jini daga huhu.

Ruwa kuwa nasa halin daban ne, kuma a nan maganar take. Ruwa yana bin gishiri da sukari duk inda suka taru. Idan ɓangare ɗaya na tantani ya fi ɗayan yawan abin da ya narke, can ruwa zai nufa. Shi ya sa yankakkiyar albasa ke tsatsafo da ruwa idan an barbaɗa mata gishiri, shi ya sa kuma takin zamani ke ƙona shuka idan manomi ya zuba shi da yawa a gindinta: takin ne ke janye ruwa daga saiwa. Ruwa na da ƙofofinsa na musamman da ke hanzarta tafiyarsa, waɗanda Peter Agre na Amurka ya tabbatar da aikinsu a 1992. Jiki ba shi da famfon da ke tura ruwa cikin ƙwaya. Idan yana son ruwa ya koma wani wuri, gishiri yake fara turawa, ruwan ya biyo baya.

Tura gishirin ne ke cin kuɗi. A tantanin kusan kowace ƙwaya a jikinmu akwai famfo na furotin da ke fitar da sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) uku ya shigo da fotasiyam biyu a kowane juyi, yana ƙona makamashi dare da rana. Jens Skou na Danmak ya gano shi a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa, kuma sai bayan shekara 40 aka ba shi kyautar Nobel a kansa. Saboda aikin wannan famfo, sodiyam kullum ya fi yawa a waje, kullum yana neman hanyar komawa ciki.

To, mu leƙa hanji. A kullum lita takwas zuwa tara na ruwa ke bi ta cikinsa, wanda muka sha da wanda jiki ya zuba don narkar da abinci, kuma kusan duka yake tsotsewa ya mayar cikin jini. Ƙwayar cutar kwalara ba ta huda hanji. Guba take saki, gubar ta sa wata ƙofar gishiri ta tsaya a buɗe, sinadarin kulorayid ya yi ta kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. Babban mutum na iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya, bahaya fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ido ya faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, fitsari ya ɗauke. Idan an ba irin wannan mutum ruwa zalla, ba zai maye masa gishirin da ya rasa ba, kuma hanjin ba shi da abin da zai ja ruwan da shi.

Amma akwai wata ƙofa da gubar ba ta taɓawa. A 1960, a wani taro a birnin Firag, masanin Amurka Robert Crane ya bayyana cewa ƙaramin hanji yana shigar da sukarin gulukos tare da sodiyam ta ƙofa guda, kuma ba ta buɗuwa sai sun zo tare. Sodiyam, mai ɗokin komawa ciki, shi ke jan gulukos. Da sun shige, ruwa ya bi sahu. Aikin sukarin da ke cikin ORS ke nan: shi ne abokin tafiyar da gishiri ke buƙata kafin a buɗe masa.

An gwada wannan ilimi a cikin tsananin wuya a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, da kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijira a Bangaon, kan iyakar Indiya. Ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ɗiba da kofi suna ba su. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A ganina, da wuya a sami wani binciken ɗakin gwaji da ya yi wa talaka rana kamar wannan.

Wanda ya gane halin ruwa zai gane dalilin da ya sa ake tsanantawa a kan awo. Ƙullin ORS na lita ɗaya, a lita ɗaya ake dama shi, ba a rage ruwan don maganin ya yi ƙarfi. Idan babu ƙulli a kusa, awon da aka sani shi ne ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Idan sukari ya wuce kima, ƙofofin ba za su iya kwashe shi duka ba, ragowar ta zauna a hanji tana janyo ruwa daga jini, gudawa ta ƙaru. Wannan ne illar ba yaro lemon kwalba, wanda wasu ke yi da kyakkyawar niyya: sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa kuwa kusan babu. Gishiri ma idan ya yi yawa haɗari ne, musamman ga jarirai. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yara da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba su nono.

Ƙarin ruwa yana da nasa wurin. Yaron da ya galabaita har ba ya iya haɗiya, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya fara fita hayyacinsa, asibiti za a garzaya da shi ba tare da jira ba. Ledar da za a rataya masa ma ba ruwa zalla ba ce. Wadda aka fi sani tana da giram 9 na gishiri a kowace lita, kusan daidai da ƙarfin gishirin jini, domin da za a ɗura wa mutum ruwa zalla ta jijiya, ruwan zai afka cikin jajayen ƙwayoyin jininsa, su kumbura har su fashe.