Jirgin ruwa na siminti: abin da ya kamata ka sani kafin ka tura kuɗi

Kana zaune a gida a Nassarawa kana latsa waya, sai ga tallan jirgin ruwan shaƙatawa a Facebook. Hoto tsaf, fenti sabo, farashi kuma ƙasa da na sa'o'insa nesa ba kusa ba. Nan take zuciya ta kai ka madatsar ruwa ta Tiga, kai da abokai ranar Asabar. Sai ka duba bayanin, ka ga an ce da siminti aka yi gangar jikinsa. Dutse a kan ruwa? Ba damfara ba ce, fasahar ta daɗe. Tambayar ita ce ko ta dace da mai sayen jirginsa na farko a Kano.

Yadda ake gina shi

Wani Bafaranshe, Joseph-Louis Lambot, ya yi ƙaramin kwale-kwalen siminti a 1848, ya kuma nuna irinsa a baje kolin Paris na 1855. Daga baya injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi ya inganta dabarar a shekarun 1940.

Ana fara lanƙwasa rodi a fitar da siffar jirgin, a naɗe shi da ragar waya ninki-ninki, sannan a cusa kwaɓin siminti da yashi mai laushi har ya ratsa ragar. Kaurin bangon bai cika wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Sai a riƙa ba shi ruwa na kusan kwana 28, kamar yadda birkila ke yi wa dakin. Yana yawo a kan ruwa ne saboda dalilin da ke sa kwanon ƙarfe ya ƙi nutsewa a baho: cikinsa fanko ne, nauyinsa bai kai na ruwan da zai iya turewa ba.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya ruɓewa kamar katako, ƙwari ba sa cin sa, ba ya kama wuta, kayan aikin kuma suna nan a kasuwa.

Inda gizo ke saƙar

Ingancin jirgin yana cikin bango, inda kyamarar waya ba ta gani. Idan mai yaɓen ya bar ramukan iska, ruwa zai sami hanya, rodin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa simintin daga ciki. Fenti na iya rufe wannan duka. Da yawa daga cikin irin waɗannan jirage masu sha'awa ne suka gina su a bayan gida a shekarun 1970, wasu da kyau, wasu a gurguje. Shi ya sa kamfanonin inshora ke ɗari-ɗari da su, kuma in ka tashi sayarwa masu taya ba su da yawa. Ka ji asalin arahar, araha kuwa ba ta ado.

Matsala ta biyu ta fi shafar mu. Kano ba ta da teku. Daga birni zuwa Tiga kimanin kilomita 70 ne, don haka jirginka zai riƙa hawa tirelar da mota ke ja. Siminti ya fi biyan kuɗinsa a manyan jirage masu zama cikin ruwa shekara da shekaru. A ƙaramin jirgi nauyi yake zama: motar gida ba za ta ja shi ba, injin zai sha mai, ramukan hanya kuma su jijjiga shi. Ga shi da rani ruwan Tiga yana ja da baya saboda noman rani na Kadawa, inda jirgi mai nutso da yawa zai iya gogar ƙasa. A nan faiba ko alminiyom sun fi sauƙin ɗauka da saukewa.

In har ka nace

Kada ka biya saboda bidiyo. Ka je da wanda ya san aikin, a fito da jirgin daga ruwa. Ku ƙwanƙwasa jikinsa da ƙaramar guduma: inda ƙarar ta zama ta fanko, akwai rami. Ku nemi jan zanen tsatsa da tsagewa, ku tambayi wanda ya gina shi da hotunan ragar kafin yaɓe. Ka kuma tuntuɓi hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, kan rajista.

Sannan ka ware kuɗin rigar kariya ga kowane mutum kafin ka yi maganar sifika. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa laifin. Ko da me aka ƙera jirginka, ka san adadin mutanen da yake ɗauka, ka tsaya a nan.