Shiga Ƙungiya a Jami'a: Daga Samarin Gayya Zuwa Ƙungiyoyin Asiri

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne halin da ɗalibi yakan shiga yayin da ya baro garinsu ya zo jami'a, aka yi masa tayin shiga ƙungiya. Za mu ɗauki misalin yaron da ya taso a Tarai, cikin ƙaramar hukumar Kibiya ta ƙasar Rano, ya sami gurbi a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ko kuma wata jami'a a kudancin ƙasar nan. Manufarmu ita ce mu nuna cewa irin wannan yaro ba baƙon ƙungiya ba ne, kuma ma'aunin da zai bambance ta kirki da ta ɓarna tun daga gida ya zo da shi.

2.0 Ƙungiyar Samari a Gargajiyance

A garuruwan noma irin su Tarai, samari sun daɗe da tsarinsu. Akwai Sarkin Samari da 'yan majalisarsa masu sarautu kamar Galadima da Waziri da Alƙali, su kuma 'yan mata suna da tasu shugabar. Babban aikinsu shi ne gayya: a taru a nome gonar wani ana kiɗa gangar noma, mai gona ya kawo fura ko kunu. Haka kuma su ne kan gaba wajen hidimar biki da gyaran hanya da masallaci.

Abubuwa uku ya kamata mu lura da su a nan. Na farko, kowa ya san ɗan ƙungiya, ya san ubansa. Na biyu, dagaci da dattawa suna sa ido, kuma hukuncin mai laifi bai wuce tara ta goro ko 'yan kuɗi ba. Na uku, akwai ƙofar fita, domin da saurayi ya yi aure ya zama magidanci, sai ya bar wa na baya.

3.0 Asalin Ƙungiyoyin Jami'a

A Amurka ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai sun faro da Phi Beta Kappa a Kwalejin William da Mary a 1776. Daga baya suka yawaita, na maza daban, na mata daban, suna ɗaukar sunayensu daga haruffan Girkanci. Hukumar jami'a ta san da su, amma duk da haka azabtar da sababbin shiga ya jawo asarar rayuka, har aka kafa dokar tarayya a kan haka a 2024.

A Nijeriya kuwa, abin ya soma a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, inda ɗalibai bakwai, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates. Niyyarsu ita ce yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko masu kwaikwayon Turawa. Amma a 1972 wasu suka ɓalle suka kafa Buccaneers, sannan a 1977 aka kafa wadda aka fi sani da Black Axe a Jami'ar Benin. Yawaitar ƙungiyoyi ta haifar da gasa, gasa ta haifar da gaba, gaba kuma ta jawo makami. A 1984 ita kanta Pyrates ta sanar da janyewa daga harabar jami'o'i, amma aikin gama ya gama. Har mata suka kafa nasu, irin su Black Bra da Daughters of Jezebel.

Gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 47 a 1989 don takaita ayyukan ƙungiyoyin ɗalibai, amma hakan bai hana abin da ya faru a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ba, inda 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar ranar 10 ga Yuli, 1999, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya a sashe na 40, amma sashe na 38(4) ya fitar da ƙungiyar asiri daga cikin abin da aka halatta.

4.0 Yadda Ake Jan Ɗalibi

Ba a cewa da sabon ɗalibi ya zo ya shiga ƙungiyar kisa. Abin da ake yi shi ne a dubi buƙatarsa. Yaron da ya saba da gari inda kowa ɗan'uwa ne, ya wayi gari ba shi da makwanci, bai san ofishin rajista ba, guzurinsa ya ƙare. Sai wani ya tare shi da fara'a, ya sama masa gado, ya ranta masa kuɗi, ya yi masa alkawarin kariya. Bahaushe ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Bayan an saba sai a gayyace shi taro cikin dare, a yi masa duka da sunan gwajin jarunta, a sa shi rantsuwar rufe baki. Daga nan sai biyan kuɗin ƙa'ida da bin umarni ba tambaya.

Idan muka auna wannan da ma'auni ukun da muka ambata, sai mu ga ya saɓa wa kowanne: ɗan ƙungiya ɓoye yake, ba babba mai tsawatarwa, kuma wanda ya nemi fita ransa yana cikin haɗari.

Gaskiya ne wannan annoba ta fi ƙarfi a kudu. Daga cikin dalilai akwai cewa ɗalibin Arewa yakan tarar da ƙungiyoyi na fili suna jiransa, kamar Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi da aka kafa a Legas a 1954, da ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, da na sashen karatu irin su ƙungiyar Hausa. Sai dai bai kamata mu saki jiki ba, domin 'ya'yanmu suna karatu a ko'ina, kuma harkar daba a Kano ta nuna mana cewa matashin da ya rasa majingina zai jingina da duk abin da ya samu.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa kora da doka kaɗai ba za su wadatar ba, tun da buƙata ce take kai yaro. Wajibi ne malamai su riƙa karɓar sababbin ɗalibai tun makon farko, a ƙarfafa ƙungiyoyin garuruwa, a ba kowace malami uba. Su kuma iyaye su koya wa ɗansu tambayoyi uku kafin ya amsa tayi: Shin zan iya faɗa wa mahaifina na shiga? Wane babba ne yake sa ido? In na so fita, za a bar ni? Ƙungiyar da ta kasa amsa waɗannan, ba 'yan'uwantaka take kira ba. Allah ya shirya mana zuriya.