Idan rumbun bayanai ya cika: yadda ake share wuri kafin a faɗaɗa shi

A ranar 29 ga watan Agustan 2023, kamfanin Toyota ya dakatar da aiki a dukkan masana'antunsa 14 na haɗa motoci a ƙasar Japan. Da farko mutane sun yi zaton ƴan kutse ne. Bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ya nuna cewa wurin ajiya ne ya ƙare a faifan na'urorin da ke kula da odar sassan mota. Kwana biyu kafin nan, ranar 27, ma'aikata suna aikin share tsofaffin bayanai da kimtsa sauran, sai wuri ya ƙare musu a tsakiyar aikin, na'urar ta tsaya. Na'urar ko-ta-kwana da ya kamata ta karɓi aikin tana kan tsari ɗaya da ta farkon, ita ma ta faɗa cikin matsalar. Sai da aka kwashe bayanan zuwa wata na'ura mai faɗin ciki sannan aiki ya dawo, ranar 30 ga watan.

Mai karatu a Dakoro zai iya cewa ina ruwansa da Japan. Ruwansa yana nan. Kuɗin da ɗansa ya aiko masa daga Agadas ko Yamai ta Nita ko Al Izza, da sunansa a rajistar zaɓe, da alƙaluman da cibiyoyin kiwon lafiya na Kornaka da Birnin Lalle ke haɗawa duk wata a shigar cikin manhajar DHIS2 ta ma'aikatar lafiya, duk suna kwana ne a cikin wata na'ura da ke nesa da shi. Aikin shimfiɗa wayar fiba mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa Nijar, ya haɗa da gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai, kuma ana ci gaba da mayar da takardun haihuwa cikin kwamfuta. Idan ma'aikacin da ke bayan taga ya ce maka "babu rezo", wani lokaci rezon lafiyarsa ƙalau, can uwar ɗakin ce ta ƙi karɓar rubutu.

Yadda rumbun yake a ciki

Manyan ma'aikatu da bankuna ba sa dogara da faifai ɗaya irin na kwamfutar ofis. Suna sayen akwati mai ɗauke da faya-fayai da yawa, goma sha biyu, ashirin da huɗu, har ɗaruruwa, a haɗa su wuri guda su zama rumbu ɗaya. Wani ɓangare na wurin ana keɓe shi don lissafin kariya, wanda masana ke kira RAID, domin idan faifai ɗaya ko biyu suka mutu a iya sake gina abin da ke cikinsu daga sauran. A ce akwai faifai 12, kowanne mai terabait 10. A takarda 120 ke nan. Idan aka bi tsarin da ke jure mutuwar faifai biyu, abin da ya rage na ajiya 100 ne.

Daga wannan rumbu ake yanka wa kowane aiki kasonsa: wannan na albashi, wannan na rajistar haihuwa, wancan na hotunan takardu. Kwamfutar da ke amfani da kason tana ganinsa tamkar faifanta na kanta.

A nan ne dabarar da ke jawo yawancin rigimar take. Ana iya yi wa kowane kaso alƙawarin wuri ba tare da an ware masa shi nan take ba. Ka ɗauki mai mangaza da ke ɗaukar buhu 100, ya yi wa ƴan kasuwa biyar alƙawarin wurin buhu 30 kowanne, 150 ke nan, don ya san ba rana ɗaya za su kawo kaya ba. Dabarar tana aiki, tana kuma rage kashe kuɗi, har ranar da kaka ta yi kyau kowa ya loda wa amalanke gero ya nufo ƙofa. Haka rumbun bayanai yake. Kowane kaso zai nuna maka yana da sauran wuri, alhali rumbun da ke ƙarƙashinsu ya kai maƙogwaro. Ranar da ya cika, duk kason da ke cin abinci daga gare shi ne ke shiga matsala tare: wasu na'urori su hana sabon rubutu, wasu su rufe kason gaba ɗaya.

Shi ya sa idan shugaban wani sashe ya bugo waya ya ce a ƙara masa terabait 20, ƙwararren ma'aikaci ba ya fara duba kason. Rumbun yake dubawa. Ƙara girman kaso aikin minti kaɗan ne, kuma na'urar ba za ta hana ka ƙara alƙawari a kan alƙawari ba. Idan an riga an cinye 88 cikin 100, wannan ƙarin na 20 bashi ne aka ci da sunan kowa. Yawancin masu kula da irin waɗannan na'urori suna sa ƙararrawar gargaɗi tun wajen kashi 80 cikin ɗari, don a samu lokacin shara ko sayen sababbin faya-fayai, waɗanda a ƙasa irin tamu sai an yi odarsu daga waje, a jira kuɗi su fito, a jira kwastan.

Abin da ka goge bai tafi ba tukuna

Duk mai wayar da ta taɓa cika da bidiyon WhatsApp ya san cewa idan ya goge hotuna suna iya zama a kwandon shara na wasu kwanaki, wurin bai dawo ba. A babban rumbu abin ya fi haka sarƙaƙiya, don hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne kwamfutar da ke amfani da kason. Idan ta goge fayil, a littafinta kawai take rubuta cewa wurin ya zama fanko. Rumbun da ke ƙasa bai sani ba sai an aika masa saƙo na musamman cewa ya karɓe wurinsa. Wasu tsare-tsaren suna aika saƙon da kansu, wasu sai ma'aikaci ya ba da umarni. Inda ba a yi ba, za a goge terabait biyar a sama, a duba ƙasa a ga ko giga ɗaya bai motsa ba.

Hawa na biyu, wanda ya fi ruɗa sababbin ma'aikata, shi ne hoton-yanayi. Rumbun yana ɗaukar hoton yadda kaso yake a wata sa'a, a ce ƙarfe goma sha biyun dare, domin idan an yi ɓarna da safe a koma yadda ake jiya. Lokacin da aka ɗauke shi kusan ba ya cin wuri. Amma duk abin da aka canza ko aka goge bayan nan, hoton yana riƙe da tsohonsa. Saboda haka idan ka goge manyan fayiloli alhali akwai hoton da ya san su, wurin yana nan a hannun hoton, kuma girmansa ƙaruwa zai yi. Sau da yawa mafi yawan wurin da ake nema yana cikin hotunan da aka ɗauka kafin wani gyara shekara biyu da suka wuce, aka manta da su. Su ya kamata a fara bi, daga mafi tsufa, bayan an tambayi mai kason ko akwai dalilin ajiye su, don wasu ana riƙe da su ne saboda binciken kuɗi ko shari'a.

Na uku, wasu na'urorin suna ajiye kason da aka goge na awa 24 ko fiye kafin su hallaka shi, kuma ko bayan nan a hankali suke mayar da wurin. Wanda ya goge da azahar ya faɗaɗa da la'asar yana iya faɗaɗawa a kan wurin da bai iso ba.

Sannan ita kanta sharar tana buƙatar wuri, kuma abin da ya kama Toyota ke nan. Wanda zai kimtsa rumbun gero da ya cika sai ya samu filin da zai sauke dammuna kafin ya sake jera su. Ma'ajiyar bayanai ma idan tana goge layi miliyan sai ta rubuta kowane mataki a littafin aikinta, don ta iya komawa baya idan an samu tangarɗa, kuma wannan littafi yana kumbura. Don haka ake yin sharar kashi-kashi, ana duba awo bayan kowane kashi, kuma ake fara ta tun da sauran sarari.

Hannu ma yana iya zarcewa. Tsakanin 14 zuwa 16 ga Disambar 2021, Jami'ar Kyoto ta rasa kimanin terabait 77 na bayanan bincike, fayiloli wajen miliyan 34 na ƙungiyoyin masu bincike 14. Wata ƴar manhaja ce da aikinta shi ne goge tsofaffin rubuce-rubucen aiki da suka wuce kwana goma. An sabunta ta tana tsaka da gudana, sai ta rikice ta shiga goge ainihin ayyukan mutane. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise, mai kula da tsarin, ya ɗauki alhakin, amma wasu bayanan ba a iya dawo da su ba. A ganina duk shugaban ma'aikatar da za a kawo wa takardar neman izinin shara ya kamata ya yi tambaya ɗaya kafin ya sa hannu: ina kwafin ajiya yake, kuma yaushe aka gwada dawo da wani abu daga cikinsa? Kwafin da ke cikin rumbu ɗaya da asalinsa, ko hoton-yanayi, ba ya cikin lissafi, don idan akwatin ya tafi tare za su tafi.

Sai faɗaɗawa

Idan awo ya nuna wurin ya dawo da gaske, faɗaɗawar mataki biyu ce. A ƙara girman kaso a rumbu, sannan a je kwamfutar da ke amfani da shi a sa ta sake dubawa ta miƙa tsarin fayilolinta zuwa sabon wurin. Idan aka tsaya a na farko, mai aiki zai ci gaba da ganin tsohon girma.

A ƙara kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da kason ke ci a wata. Dalilin shi ne ƙari yana da sauƙi, ragi kuwa hatsari ne, wasu tsare-tsaren ma ba a saba rage su ba sam, sai dai a gina sabon kaso a kwashe komai. Wanda ya rubuta 200 a maimakon 20 zai daɗe yana zama da kuskurensa.

Akwai kuma maganar wuta, wadda mu nan ba sai an tuna mana ba tun bayan da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023. Ƙara sababbin faya-fayai a rumbu yana sa na'urar ta yi ta rarraba bayanai a tsakaninsu na sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Kafin a fara, a gwada baturan ko-ta-kwana, a cika wa janareta gazuwal, a tabbatar na'urar sanyaya ɗakin tana kan layin janaretan, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Kuma a kauce wa ƙarshen wata, lokacin da ake biyan albashi kuma rahotannin gundumomi ke shigowa.