Biyar Sau Shida

Takardar da ta ɗaure min kai ta wani yaro ce ɗan aji huɗu, a firamaren da nake koyarwa a Runka. Tambaya 20 na ba 'yan ajin, duka na sau. Ya ci 11, sauran 9 ya bar su fili, ko cankar amsa bai yi ba. A wurin wani yaron wannan ba abin magana ba ne. Shi kuwa wata ɗaya ke nan da zuwansa. Iyayensa sun taso ne daga wani ƙauye a bakin Dajin Rugu saboda 'yan bindiga, kuma ya shekara biyu bai taka aji ba. Irinsu suna da yawa a Safana da Batsari, musamman tun bayan kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da makarantu da dama suka daɗe a rufe. Sunansa ma da ƙyar yake rubutawa. To ina ya samo 5 sau 6, da 4 sau 6, har da 12 sau 2?

Zuciyata ta fara kai ni ga satar amsa. Washegari na dawo da shi bencin gaba shi kaɗai, na yi masa tambayoyin da baki. Na ce 5 sau 6, kafin in rufe baki ya ce talatin. Na juya, na ce 6 sau 5 fa? Ya dube ni kamar na maimaita tambaya ɗaya, ya ce, "Ai shi ne dai, Malam." Yaran da suka haddace jadawali da waƙa sukan koma farko su rero kafin su ba da wannan amsar. Shi bai rera komai ba. Da na ce 7 sau 8, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru.

Na koma kan talla, domin 'yan talla sun fi kowa saurin lissafi a ajina. Amma lissafinsu na kuɗi ne, hamsin-hamsin da ɗari-ɗari. Na gwada shi da naira 50 sau 4, sai da ya ƙirga da yatsu. Ba daga nan ba ne.

Wani abokin aikina ya lura cewa babu amsarsa ko ɗaya da ta haura 30, ya ce wataƙila daga makarantar allo ne, tunda Alƙur'ani juzu'i 30 ne. Maganar ta shige ni kwana biyu. Sai dai almajiri a ƙasar nan da izu yake ƙirga, izu 60. Da na sake duba takardar kuma na ga ya bar 7 sau 4 da 9 sau 3, alhali 28 da 27 duk ba su kai 30 ba. Ashe ba girman amsa ke tsayar da shi ba. Na jera tambayoyin da ya ci a gefe guda. Babu lambar da ta wuce 6 a cikinsu, in ka cire 12, ita ma sau 2 kawai. Wani abu ne mai faɗin shida da tsawon biyar ke cikin kan yaron nan, kuma 12 tana da alaƙa da shi.

Daga nan na daina kallon takarda, na koma kallon hannunsa. In na yi tambaya, idonsa ƙasa yake kallo, ɗan yatsansa na dangwalar benci daga hagu zuwa dama, ya dawo ya sauka ƙasa kaɗan, ya sake wani layin. Faratansa kullum cike da jar ƙasa. Ranar wata Laraba aljihunsa ya yage, guntayen kara suka zube a tsakar aji, an yanke su tsawo ɗaya. Na tsince su ina ƙirgawa. Goma sha biyu cif. Jikinsa ya hau ɓari, ya ce, "Na Baba ne, Malam, kada ka karɓe."

Bayan la'asar na bi shi. A gindin wata darbejiya na tarar da dattawa a zaune, kakansa a cikinsu. Yaron ya durƙusa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya hau tona gurabe da yatsa: layi biyar, kowane layi gurbi shida. Dara. Na gaishe da tsohon, na ce, "Baba, tun yaushe yake wannan aiki?" Ya ce, "Tun muna can gida, Malam. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, shi ke tona mana kullum."

Na zauna har magariba ina kallo, ina ganin takardar gwajina a ƙasa. Gurabe 30. Kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan kara, wancan tsakuwa, a zuba su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. 24 sun zauna, gurbi 6 ya rage na motsi. Sai a fara turawa gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ba a karkace ba. Wanda ya jera uku a layi ya ci, ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Yaron da ke tona wannan fili kullum ya san cewa in ya gama layi huɗu ya yi 24, saura layi ɗaya. Abin da ya fi burge ni wurin zamansa ne. Yakan tona yana fuskantar inda kakansa zai zauna, layi biyar na shida-shida, sannan ya koma gefe wurin 'yan kallo, inda filin nan ɗaya ya zama layi shida na biyar-biyar. Ƙa'idar da nake shan wahalar fahimtar da 'yan aji shida, shi matsawa gefe ce ta koya masa. Bakwai kuwa ba ta da wurin zama a filin dara, shi ya sa ta gagare shi.

A kwalejin horon malamai an karantar da mu Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara sunan lambun yara a 1840, da Maria Montessori da ta buɗe tata a Roma a 1907, duk a kan cewa hannu kan riga baki fahimta. Ƙasar Armeniya ta sa wasan ces cikin darasin dole a firamare tun 2011. Ƙungiyar Pratham ta Indiya da tsinkaye da ɗaurin goma-goma take koyar da yaran da karatu ya bari a baya. Na yarda da su duka, amma yana min ciwo cewa dara na ƙofar gidanmu muna kiranta aikin marasa aikin yi, har mukan kori yara daga wurinta. Haka 'yar carafke, wadda 'yan mata ke kwasar tsakuwa ɗaiɗai, bibbiyu, uku-uku kafin wadda suka cilla sama ta sauko.

Dara kaɗai ba ta isa ba, wannan na gani da idona. Ta kai yaron 30 ta ajiye shi, kuma ba ta koya masa rubuta ko lamba ɗaya ba. Don haka ranar Litinin na fito da ajin bayan makaranta, na raba su huɗu-huɗu. Rukuni ya tona fili, ya rufe shi da ɗankwali, ya faɗi layi nawa da gurbi nawa. Rukunin da ya riga rubuta jimla a ƙasa, aka buɗe aka ƙirga ta yi daidai, ya ɗauki tsakuwa ɗaya. Mai tsakuwa 12 ya ci wasa.

Shi kuma na ce ya tona min dara irin ta kullum. Ya tona. Na ce ya ƙara gurbi biyu a kowane layi, sannan ya ƙara layi biyu a ƙasa. Ya tsaya, ya ce, "Malam, ai ba a yin ta haka." Na ce yau dai a yi. Da ya gama bai ƙirga ɗaya-ɗaya ba. Ya dafa tsohon filinsa ya ce talatin, ya bi gefe ya ce arba'in, ya shafa layuka biyun ƙasa yana motsa baki.

"Hamsin da shida." Ya ɗago kai. "Wannan ce wadda ka tambaye ni ran nan?"

Na miƙa masa tsinke, na ce ya rubuta ta a ƙasa. Biyar ɗin ta fito daidai. Shidan ya juya ta baya, ya goge da tafin hannu, ya sake.